Ƙwallon da Ban Mayar Ba

Ko shekara ɗari zan yi a duniya, yammacin da aka buga wasan ƙarshe na gasar unguwanninmu ba zai fita daga raina ba. Da ma ban yi niyyar ba kowa labarin ba. Kwanan baya ne maigidana yana duba wayarsa, na leƙa na ga wani tsohon hoto da aka tura a zauren tsofaffin 'yan ƙwallo: samari a jere, wasu a tsugune, ga kofi a gabansu. A ƙasa wani ya rubuta, "Allah sarki gasarmu, rigimar mace ce ta kashe ta." Mutane suna ta sa alamar dariya. To ni ce macen. Karatuna bai yi nisa ba, a aji shida na tsaya, sai islamiyya, amma hannuna yana iya rubutu, kuma duk cikin masu dariyar nan babu wanda ya san gasar nan kamar yadda na san ta, ko da yake sau ɗaya tak na taɓa taka filin.

Gidanmu yana bayan gari ne a Nguru, inda a da gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita ta ba ni tarihin filin. Ta ce asalinsa masussuka ne. Idan an gama sussukar gero ƙasar wurin takan yi tauri ta yi sumul, sai samari su shiga buga ƙwallo da yamma. A hankali abu ya girma har aka yi ƙungiyoyi, kowa da sana'arsa: masunta na bakin ruwa, 'yan dako na kasuwa, makanikai, teloli, da 'yan bayan tasha. Duk shekara bayan kaka sai su yi ta karawa a tsakaninsu, wanda ya zo na ɗaya ya haɗu da zakarun irin wannan gasar na Gashua, bana a nan, baɗi a can. Ba wanda ake biya. Kofin ma wani ɗan kasuwa ne ya zo da shi daga Kano, hannunsa ɗaya ya taɓa karyewa aka yi masa walda. Turakun raga kuwa tsofaffin bututun ƙarfe ne aka binne da siminti, tun lokacin da babu komai a bayan ragar gabas sai karan gero.

Sai gari ya yi ta tahowa. Marigayi surukina ya gina gidansa daidai bayan ragar gabas ɗin nan, tsakaninta da katangarmu bai fi taku goma ba. Ƙofar gidan kuma wani titi daban take kallo, kafin mutum ya zagayo daga fili sai ya bi lungu biyu, ga shi maza ba sa shiga gidan matan aure. Gasar kuma ƙwallo ɗaya gare ta mai kyau. Shi ya sa aka saba da wani abu: duk sanda aka buga ta tsallake katanga, sai wasa ya tsaya cak, a ɗaga murya a ce, "Masu gida!" matar da ke ciki ta ɗauka ta jefo musu. Inna ta yi shekara da shekaru tana wannan jifa har kafaɗarta ta gaji. Ina amarya, ban cika sati biyu ba, ina tsince shinkafa a tsakar gida, sai ji na yi dum a cikin faranti, shinkafa ta watse ko'ina. Na miƙe zumbur. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba daga kaɗin da take yi.

"Ɗauki ki jefa musu, 'yata," ta ce. "A gidan nan wannan ma aiki ne, kamar shara."

Haka na gaji aikin. Ba zan yi ƙarya ba, da farko har daɗi yake yi mini. Maigidana tela ne, shi ne golan teloli, ni nake wanke masa jesi da safar hannu. Na koyi jifa da hannu biyu daga ƙasa, in na yi sa'a ta faɗa hannun wanda ke jira sai in ji tafi, ana cewa, "Matar gola ta iya!" Ban taɓa ganin wasan ba, amma da kunne na san kowa. Masunta da yawansu ba sa sa takalmi, bugunsu wani irin sauti ne mai taushi. Teloli sun fi kowa gardama da alƙalin wasa. 'Yan dako ba sa magana, sai numfashi da gurnani. Akwai wani bakanike da in na ji an kira shi nakan janye duk abin da ke tsakar gida, don shi a rayuwarsa bai san ƙasa ba, sama kawai yake bugawa. Ƙwallon nan ta fasa mana murfin randa, ta zubar da shanyar kuɓewa ba sau ɗaya ba, ta taɓa karya wa wata kaza ƙafa da 'yan tsakinta a bayanta. Ba a taɓa aiko mana da sannu ba. Mu ma ba mu nema ba.

Da na haifi 'yata ta fari sai abin ya daina ba ni dariya. Ni da ma mutum ce mai tsoro, ko tari yaro ya yi sai in kasa cin abinci. Da an idar da sallar la'asar na ji usur, sai in ɗauke ta in kai ɗaki in ja ƙofa, komai zafin da ake yi. Tana jaririya wannan ya yiwu. Da ta fara rarrafe, ta zo ta fara tafiya, wa zai riƙe ta a ɗaki? Na yi wa maigidana magana, na ce ko a matsar da ragar, ko a ƙara wa katangar wani abu a sama. Ya kai maganar gaban kwamitin gasa. Shugabansu wani Alhaji ne mai shagon kayan gini, kowa Ciyaman yake ce masa. Amsar da aka kawo mini ita ce turakun ba sa ciruwa, manya ne suka kafa su, amma maganar katanga za a duba. Shekara ta zagayo na sake aikawa. Za a duba. Mai shagon kayan gini fa! Ni kuma saboda kunya da gudun a ce matar gola ta cika ƙorafi, duk sanda aka ce "Masu gida" sai in tashi in jefa.

Wata rana wata mai kawo mana kifi, matar wani masunci, tana zaune muna hira, ƙwallon ta faɗo ta wuce kan yarinyar da kamar tafin hannu. Matar ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Haka kuke zaune kullum? Ke kuwa wace irin zuciya gare ki?"

Ta je ta gaya wa mijinta. Ba a yi kwana uku ba masunta suka ɗauko wata tsohuwar koma, irin babbar ragar nan da suke jan kifi da ita, suka kai wa Ciyaman, suka ce a kafa dogayen itatuwa a ɗaura ta saman katangar gidan gola. A lokacin cikina na biyu ya tsufa. Ranar da na ji labari har sadakar ƙosai na yi. Na haihu, namiji, aka yi suna, komar nan ba a ɗaura ba. Wai ana neman itatuwa.

A shekarar ne kuma teloli suka zo na ɗaya, karo na farko tun da aka kafa gasar, kuma mu ne da karɓar baƙi. Saura kwana biyu wasan, da hantsi, ina shanya kayan jariri a jikin katanga, na jiyo maza a fili suna hira suna dariya, ana jan wani abu a ƙasa. Wani ya ce, "Bana mu ga abin da 'yan Gashua za su ce." Na san labarin: duk zuwan da 'yan Gashua suka yi sai sun yi wa namu tsiya cewa turaku kawai gare su babu raga, sai an yi rantsuwa kafin a yarda ƙwallo ta shiga. Da maigidana ya dawo cin abincin rana ya kasa haɗa ido da ni.

"Malam, me aka yi da komar?"

"Sun yanka ta biyu. Sun ɗaura a turaku."

"Katangar fa?"

"Ciyaman ya ce wasa ɗaya ne ya rage. Da an gama za a kwance a kawo mana."

"An yanka ta biyu, me za a kawo mana?"

Ya yi ta juya cokali. Na ce to kada ya buga, ya nuna musu ransa ya ɓaci. Ya ce in bai tsaya ba wa zai tsaya, shekara nawa teloli suna jiran wannan rana. Na san abin da wasan nan yake a wurinsa, sai na haɗiye sauran maganar. Wannan haɗiyewar ita ce har yau take ci mini rai.

Ranar wasan ina kwana goma sha tara da haihuwa, ina tsakiyar wankan jego. Inna Babarbariya ce ta da, a wurinta wanka safe da yamma ba ya tsallake rana, ko sama za ta faɗo. Tun da safe na roƙe ta mu yi na yamma da wuri, kafin la'asar. Ta yarda, amma mai itace bai zo da wuri ba, wanda ya kawo kuma ɗanye ne, ruwan bai tafasa ba sai da aka dawo daga hutun rabin lokaci. Na ce mu bari sai an tashi. Ta ce mai jego ba ta wanka da almuru, sanyi ne zai shige ni. Fili kuwa ya cika, ban taɓa jin hayaniya irin ta ranar ba, har da masu ganga. Da kunne na san Gashua sun ci ɗaya tun kafin hutu, don na ji ihun ya fito daga gefe guda kawai, namu sun yi tsit. Na kuma san an juya, maigidana ya dawo ragar gabas, ina jin muryarsa dab da katanga yana yi wa 'yan bayansa tsawa.

Na sa yarinyar a ɗaki na ja ƙofa. Tana da shekara biyu da rabi a lokacin. Ina zaune a bakin ɗakin Inna ina shayar da jaririn don ya yi barci kafin in shiga wanka. Inna ta ɗebo tafasasshen ruwa a bokiti, ganyen darbejiya yana yawo a kai, ta nufi makewayi. Ban ga sanda yarinyar ta turo ƙofa ta fito ba. Na ɗago kai ne na gan ta riƙe da gefen zanin kakarta, tana bin ta kamar yadda ta saba. Na buɗe baki zan kira ta ke nan na ji bugun. Irin bugun nan ne mai ƙarfi da ko ba a gaya mini ba na san daga nesa aka sako shi. Fili gaba ɗaya ya ce "Kai!" sai tafi ya ɓarke, ana "Gola! Gola!" Daga baya na ji cewa da yatsunsa ya ture ta ta saman turke, wai ba a taɓa ganin ya yi kamu irin wannan ba. Ƙwallon da ya ture ita ce ta tsallako katanga ta daki bokitin da ke hannun mahaifiyarsa.

Kukan da yarinyar nan ta yi, ba na fatan ko maƙiyina ya ji irinsa daga bakin ɗansa. Ruwan ya zubo mata tun daga kafaɗar dama har gwiwar hannu. Ban san yadda na ajiye jaririn a tabarma ba. Na cire mata rigar, na ja ta bakin randa ina ta kwara mata ruwa da moɗa, fatar tana canja kama a gaban idona. Inna ita ma ruwan ya samu ƙafarta, amma ba ta ma sani ba, tana tsaye da hannun bokiti a hannu tana salati, tana maganganu da Barbarci.

A cikin wannan hali ne na ji an ce, "Masu gida!"

Na ci gaba da zuba ruwa.

"Masu gida, ƙwallo!" Sai wani ya ƙara, yana dariya, "Matar gola, a yi sauri mana, bugun kwana ne!"

Ku da kuke karanta wannan, ku gaya mini. Taku goma ne tsakaninmu. Ni da nake bambance bugun mai takalmi da na marar takalmi ta bayan katangar nan, su ba su ji kukan da yarinya take yi ba? Sun ce ganga ce ta hana su ji. Maigidana ya rantse mini ya ji kuka, amma ya ɗauka irin wanda take yi ne kullum in an shiga da ni wanka. Shi na yarda da shi, don na ga abin da ya zama bayan nan. Sauran kuwa Allah ya san abin da suka ji. Na ƙwala kira da duk ƙarfina na ce a gaya wa gola 'yarsa ta ƙone. Amsar da ta dawo mini ita ce duka da aka fara yi wa katangar da tafin hannu, ana haɗa baki, "Ƙwal-lo! Ƙwal-lo!"

Na jiƙa zani na naɗe ta, na zura hijabi. Inna ta riƙo ni.

"Ina za ki? Ba ki yi arba'in ba!"

"Inna, riƙe jaririn."

Ba takalmi na fita. Na bi lungu na farko, na bi na biyu, jikina duk ba ƙarfi, yarinyar tana ta miƙewa a hannuna. Shekara huɗu ina jefa ƙwallo cikin filin nan, ranar na fara ganinsa. Ashe ɗan ƙarami ne. Abin da idona ya fara sauka a kai kuwa komar ce, koriya, an ɗaure ta tsaf a jikin turaku, har da 'yan robobin da ke sa ta yawo a kan ruwa ba a cire ba. Ta yi kyau ƙwarai.

Mutane suka dare da suka ga mace ta shigo. Ciyaman yana zaune a kan benci cikin farar babbar riga, kofi a kan tebur a gabansa. Ya miƙe ya tare ni.

"Baiwar Allah, ina za ki? Wasa ake yi! Ina ƙwallon?"

Na buɗe zanin. Ya kalla, ya ɗan ja da baya, ya ce, "Subhanallahi. To a bi da ita ta gefe, a samo mai babur." Ta gefe! Sai ga maigidana a guje, yana cizge safar hannu da haƙori. Da ya ga hannun yarinyar sai ya durƙusa a ƙasa.

Wanda ya yi abin da ya kamata baƙo ne. Kyaftin ɗin Gashua, wani dogo da ya ɗan manyanta, Hausarsa irin ta Badawa, shi ya ratso mutane ya duba hannun.

"Yaya, kada ki bari a shafa mata komai. Ku kawo ruwan shanmu a ƙara jiƙa zanin. Wannan ba ta babur ba ce. Direba! Ta da mota!"

Motar da ta kawo su tsohuwar bas ce, ba ta tashi sai an tura, ga shi an kewaye ta da babura, ga rairayi. 'Yan wasansa suka yi kanta gaba ɗaya. Ina jin Ciyaman a bayanmu yana ɗaga murya.

"Ku dakata! Saura kwata a tashi! Duk wanda ya bar fili ba da izinin alƙali ba ya san doka!"

Kyaftin ɗin ko juyowa bai yi sosai ba. Ya ce, "Alhaji, riƙe dokarka."

Da hannu suka ɗaga baburan nan suka jefar gefe. Suka sa kafaɗa suka tura motar cikin rairayi, da takalman ƙwallo a ƙafarsu, masunta da ke kallo suka shigo suka kama musu, har da teloli uku ko huɗu. Ta ƙi tashi, suka ƙara turawa, ta sake ƙi. Sai da suka kai ta bakin kwalta, tafiya mai nisa, sannan ta kama. Ina ciki ina kallonsu ta taga, mutanen da ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, gumi yana zuba, suna ce wa direba, "Tafi! Tafi!"

Abin da ya faru a fili bayan tafiyarmu, matar masuncin nan ce ta ba ni labari, don mijinta yana wurin. Ciyaman ya hana sauran teloli motsawa, ya ce su tsaya a cikin fili. Ya sa alƙalin wasa ya duba agogo. Kafin 'yan Gashua su dawo da ƙafa daga bakin kwalta an busa usur, an ce sun gudu sun bar wasa, kofi na masu gida ne. Mutanen da suke gaba da ci ɗaya! Mutanen da suka bar nasararsu a ƙasa suka je tura mota saboda 'yar golan da suke karawa da shi! Suka iso suna haki suka tarar ana ɗaukar hoto. Hoton da na gani a wayar maigidana ke nan. Ku duba shi da kyau, ku da kuke da shi, babu gola a ciki.

Mun yi kusan sati uku a asibiti. A can na ƙarasa jegona, ana kawo mini jaririn in shayar, wankan da Inna ta ce ba ya tsallake rana bai ƙara yiwuwa ba, ita ma tana gida da ƙafa a ɗaure. Duk ranar wankin ciwo sai an riƙe ni kafin a riƙe yarinyar. Maigidana ya bar shago ya tare a barandar asibiti. Masunta sun zo. Kyaftin ɗin nan ya sake hawo mota tun daga Gashua, ya kawo bandar kifi da shinkafa, ya ce matarsa tana gaishe ni. Daga kwamiti kuwa, a rana ta huɗu aka yi wa maigidana aike. Wai suna jajanta mana, Allah ya ba ta lafiya, sannan ƙwallon da ke gidanmu ta gasa ce, a taimaka a fito da ita. A saƙo ɗaya! Ya rasa yadda zai gaya mini, sai da na matsa.

Na ce, "Malam, ka gaya musu ƙwallo tana nan lafiya, ba abin da ya same ta. Duk mai so ya zo nan bakin gadon, ya tsaya a buɗe hannun nan ya gani. Daga nan ya wuce gida Inna ta ba shi."

Har aka sallame mu ba wanda ya zo.

Ga yadda gasar ta mutu, tunda ana son tarihi. Da shekara ta zagayo, Gashua ne da karɓar baƙi, ba su aiko ba. Aka aika musu, suka ce kofi ai yana hannun masu doka, su ci gaba da riƙewa. Masunta suka ce sun fita. Maigidana bai ƙara sa safar gola ba, teloli suka rabu biyu, waɗanda suka tura mota da waɗanda suka tsaya hoto, har yau wasu ba sa zama inuwa ɗaya. Makanikai da 'yan dako da 'yan bayan tasha suka buga wasa kaɗan ba 'yan kallo, suka watse. Yanzu bulo ake bugawa a filin. Kofin an ce yana kan kanta a shagon Ciyaman. A cikin duk wannan, ina hannun mace?

Abu ɗaya ya rage, shi ne ya fi ƙona mini rai. Bayan mun dawo gida da 'yan kwanaki, da sassafe na ji motsi a bayan katanga. Masunta ne su biyar. Sun kwance komarsu daga turaku, suka zauna a ƙasa suka ɗinke ta yadda suke ɗinkin raga, suka kafa itatuwa huɗu da suka zo da su a amalanke, suka ɗaura ta. Kafin azahar sun gama har sun sha ruwa sun tafi. Aikin safiya ɗaya. Abin da na yi shekara biyu ina aike a kansa ke nan. Na tsaya a tsakar gida ina kallonta, yarinyar a goye da hannu a naɗe, na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Tana nan har yau, soso ya hau ta ya rufe. Ƙwallo nawa ta tare? Ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

'Yata tana firamare yanzu. Tabon yana nan tun daga kafaɗa, hannun ba ya miƙewa sosai, ba ta yarda ta sa riga mai gajeren hannu ko a cikin gida. Ni kuwa ko faranti ne ya faɗi a bayana sai na zabura na nemi inda yarana suke. Ƙwallon tana ƙarƙashin gadona a cikin buhu, iskarta ta daɗe da fita.

Da farko nakan zauna in yi ta raba laifi, wannan na Ciyaman, wannan na itacen da bai zo da wuri ba, wannan na ƙofar da ban sa wa sakata ba. Yanzu na gane inda nawa yake. Ashe duk shekarun nan wasan a hannuna yake, in ban jefa ba ba a bugawa, ni kuma ban sani ba, ina ta aike ina jiran a duba. Da tun ranar da ta wuce kan 'yata da tafin hannu na ɗauke ta na shige ɗaki, na ce ba za ta fito ba sai an ɗaura raga, wallahi da kafin magariba an samo itatuwa. Da sun ce na cika rigima, to ga shi ai sun faɗa duk da haka. Abin da na koya ke nan, shi nake gaya wa duk uwar da ta zo mini da wani tsoro game da ɗanta tana jin kunyar faɗa: ki riƙe ƙwallon tun yaron yana da lafiyarsa. Ni na riƙe tawa, amma sai da ruwan ya zube.